Jirgin Ƙirya da Jirgin Rimi

Shekarun baya, Nasara ba su daɗe da shigowa ƙasar nan ba, na auro ɗiyar wani masassaƙin jirage daga bakin gulbi wajen Kalgo, na kawo ta Gwandu. Wata uku ban ji dariyarta ba. Sai in same ta a bakin rijiya, guga a hannu, idonta na can wani wuri. Mahaifiyata ta ce mini, "Yarinyar ga gulbi taka bege. In ba ka yi dabara ba, tahiya za ta yi." Tsoro ya kama ni, don ina sonta ƙwarai.

Ni manomi ne, ko muciya ban taɓa sassaƙawa ba, amma na ari gizago na ce zan yi mata ɗan jirgi mai tsawon kamu ɗaya. Da yake kaina da tauri, na zaɓi ƙirya, wai don ya daɗe. Itacen nan ya gasa mini aya a hannu. Gizago sai tsalle yake a kansa, kwana ashirin cikin jirgin bai kai zurfin ludayi ba. Na cika babbar ƙwarya da ruwa na ɗora shi, ya nutse kamar dutse. Na koma rimi, shi kuwa farce ma shigarsa yake, kwana biyu na gama. Ya tsaya a kan ruwa, amma ya sha ya ƙoshi, rana ta buge shi ya tsage.

Matata ta ɗauki biyun, ta ƙwanƙwasa kowanne a kusa da kunne. "Malam, ƙirya ai ta taɓarya ce da gawayin maƙera. Rimi ko ba shi daɗewa. Baba maɗaci shika sassaƙawa, bai kai wanga tauri ba, bai kai wancan taushi ba." Daga nan ta shiga ba ni labarin jajayen ɓarɓashin maɗaci a kan yashi, da yadda sabon jirgi ke lilo cikin bado da hantsi. Ta yi ta magana har inuwa ta juya. Ni da ban taɓa shiga jirgi ba, na ji tabarma na lilo da ni.

Na ce mu je garinsu mu samo maɗacin. Mahaifiyata ta ce in na kai ta ba za ta dawo ba, na dai ɗaura wa jaki kaya. Kwana bakwai muka yi, kullum tana bakin ruwa. Ranar komawa na kasa tambayarta ko za ta biyo ni. Sai ga ta ta fito ɗauke da guntun maɗaci a ka, ta ce, "Mu tahi gida, rana na yi."

Jirgi na uku karkatacce ya fito, ban damu ba. Ashe mai sauraron labarin gulbinta take nema tun farko. Ta rasu da daɗewa, amma har yau in na tuna ranar nan Gwandu ce ta kira gida, sai hawaye su cika mini ido.