Takardar da Suruki Ya Cika

Ban taɓa mantawa da ranar da na miƙa wa surukin wani dattijo biro ba, kuma ba na roƙon Allah ya mantar da ni. Lokacin ina babbar nas a sashen kunne na wani asibiti a nan Kafanchan. Ku da kuka fara aiki jiya-jiya, ku saurara da kyau.

Ƙarar kunne ba ta fitowa a hoto, ba ta fitowa a gwajin jini. Mai ita kaɗai ke jinta. Shi ya sa muke da takardar tambayoyi ashirin da biyar: Tana hana ka barci? Tana sa ka fushi? Ka fid da rai? Amsa uku ce: e, wani lokaci, ko a'a. Mu haɗa maki bisa ɗari, likita ya duba. In maki ya ƙi sauka bayan magani, a tura mutum babban asibiti. In ya sauka, a sallame shi.

Baba Yohanna daga wajen Kagarko yake, dattijon ikilisiya ne, ya tsufa a kan injin niƙa. Zuwansa na farko ni na zauna da shi, mu biyu, na juya masa tambayoyin da Hausa. Ya ce, "'Yata, na kashe injin, amma a kaina bai mutu ba." Makinsa ya haura saba'in. Likita ya ba shi magani da shawarwari, ya ce ya dawo bayan wata uku.

Ya dawo wata Talata, layi har bakin ƙofa, ni kaɗai a tebur. Mijin 'yarsa ne ya kawo shi, Malam Bulus, malamin sakandare, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Na ce a raina, Allah ya kawo mini hutu. Na ba shi takarda da biro, na ce ya karanta wa Baba.

Kaico! Ni fa 'yar ƙasar nan ce, na san kunyar da ke tsakanin mutum da surukinsa. Wa zai dubi uban matarsa ya ce, "Baba, ka fid da rai?" Wane dattijo ne zai amsa masa da e? Na hango su a kan benci, Malam Bulus kai a sunkuye, Baba na ta cewa, "Mun gode Ubangiji." Kafin in sallami mutum biyu sun gama.

Maki bai kai ashirin ba. Likita ya ce, "Sista, kin ga aiki!" Na yi ta washe baki, na sa hannu, aka sallame shi.

Bayan sati shida matar Baba ta shigo riƙe da hannunsa, an ɗaure masa kai da ɗankwali. Ruwan batir ya ɗura a kunnen dama, wai ya ƙone abin da ke kuka a ciki. Likita ya haska, ya ajiye fitila, ya ce dodon kunnen ya tafi, babu gyara. Malam Bulus ya kasa shigowa. A baranda ya ce mini, "Sista, tambaya huɗu kawai na iya yi masa. Sauran ni na cika."

Na tsuguna ta hagun Baba, na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

Ya ce, "Ai ba ki tambaye ni ba, 'yata."

"To, ƙarar fa?"

"Tana nan. Yanzu ita kaɗai nake ji ta wannan gefen."

Na yi kuka a gaban marasa lafiya, ban ji kunyar kowa ba. Mutanenmu ba sa kai kukansu gaban wanda suke jin nauyinsa, ko da ciwon zai kashe su. Saboda haka komai tsawon layi, ku fitar da 'yan rakiya, ku rufe ƙofa, ku yi tambayar da bakinku. Wanda na kama ya ba dangi biro, ni da shi ne. Har na bar sashen, takardar Baba Yohanna tana cikin fayil ɗin waɗanda suka samu sauƙi, da sa hannuna a ƙasa.