Neman Kawu a Ƙasar Kuza

Mun bar Kurfi da asuba, tun kaji ba su sauko ba, ni da kakata ta wajen uwa. Jos muka nufa. Wani mai fataucin shanu ne ya zo ya ce ya ga kawuna a barikin masu haƙar kuza kusa da Bukuru, yana ta tari, ya lalace. Kawun nan shi ne ɗan farin Kaka, ya bar gida tun ban yi wayo ba, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da Kaka ta ji, ta ci gaba da aikinta. Sai da muka sami hutun makaranta ta ɗaure kuka da daddawa a tsumma, ta ce a ba ta 'yar boko ta riƙa karanta mata allunan hanya.

Motar farko ta sauke mu a Dutsin-Ma. Duwatsun garin na san su, tunda a nan nake makaranta, kuma a da ina ganin babu abin da ya fi su tsawo a duniya. Daga nan muka hau babbar mota mai bodin katako, an jera mu bisa buhunan gero, mata gaba maza baya. Mun haye kogin Karaduwa babu ɗigon ruwa, sai yashi fari da mata suna tonon rijiyoyi a cikinsa. Zafin bazara kuwa, ƙarfen motar ba ya taɓuwa.

Bayan Ƙanƙara na fara lura ƙasa tana canja launi. Tamu fara-fara ce mai rairayi, wannan kuwa tana ta yin ja, har gidajen ma jajaye. A Funtuwa na ga jirgin ƙasa karon farko. Ya yi kuka, na ƙanƙame Kaka, ita kuma ta ƙanƙame ƙullin daddawarta. Ƙosai a tashar ƙanana ne kamar 'ya'yan kanya, kuma na kwabo bai kai rabin na Kurfi ba. Kaka ta ɗaga guda ta ce da mai suyar, "Wannan ƙosai ne ko jikan ƙosai?"

A Zariya muka kwana, a gidan wata dattijuwa kusa da tasha. Da gari ya waye sai na ga rana tana fitowa ta inda raina ya ba ni yamma ce. Na juya, na sake juyawa. Kowa ya fuskanci wani ɓangare yana salla, ni kuma jikina yana ce mini sun ba alƙibla baya. Na bi su dai, amma har muka dawo gabas ba ta koma wurinta ba.

Daga Zariya zuwa Jos itatuwa suka yi ta yawa, waɗansu ban san sunansu ba, Kaka ma ba ta sani ba. Bayan Saminaka motar ta kama hawa tana nishi. Kunnuwana suka toshe, ina ganin bakin mutane yana motsi, maganar tana zuwa kamar daga cikin tulu. Na ɗauka kurma na zama, na fara hawaye, sai wata mata ta ba ni ɓarin goro ta ce in tauna. Da na haɗiyi yawu suka buɗe. Sannan sanyi ya sauko. Sanyi a tsakiyar bazara, da rana tsaka! A aji an ce mana wuta ce rana, to mu da muka hau sama muka matso kusa da ita, me ya sa muka fi jin sanyi? Har yanzu ban gane ba.

Duwatsun can ba irin namu ba ne. Sai ka ga ƙaton dutse zaune bisa ƙarami, wani kuma bisa shi, kamar yadda ake jera ƙore a kan gado. Na yi ta jiran iska ta turo ɗaya. Akwai tuddai masu kai a shafe kamar an yanke da wuƙa. Gonaki kuma an kewaye su da ƙerana mai tsawo maimakon darni. Kusa da Bukuru na ga tsaunukan jar ƙasa da tafkuna masu ruwa kore shar, ba mai wanki, ba dabbar da ke sha. Wani fasinja ya ce ba Allah ya ajiye su haka ba, mutane ne suka tona ramukan suka tara ƙasar. Na ce a raina, ashe har dutse akwai na mutum.

A bakin barikin aka nuna mana rumfar wata mai tuwo, aka ce duk Bakatsinen da ke wurin a hannunta yake ci. Mace ce ƙatuwa mai fara'a, mutuniyar Malumfashi. Ta ba mu tabarma da ruwa, Kaka ta ce mun zo neman wani yaro daga Kurfi.

"To Inna, ya sunansa?"

Kaka ta duƙar da kai tana gyara bakin zanenta. A nan na tuna ni ma ban san sunan ba. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Mahaifiyata kuma Yaya take ce masa. Kowa a gida ya ɗauka na sani, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Mai tuwon ta juyo gare ni. "Ke 'yar makaranta, ya sunansa?"

Na ce, "Kawu."

Masu cin tuwo suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Yarinya, duk barikin nan kowa kawun wani ne. Ni ma ga ni, in kuna so ku tafi da ni." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga bukkoki ba iyaka, ga mutane kamar tururuwa suna fitowa daga ramuka da kwanoni a ka, kowa laka ta rufe masa fuska. Mun yi wannan doguwar tafiya, kuma abin da ya rage tsakaninmu da shi kalma ɗaya ce. Na matsa kusa da Kaka na ce, "Ki raɗa mini a kunne, ba wanda zai ji." Ta ce, "Ni zan ji."

Mai tuwon ta ajiye muciya ta dubi Kaka da kyau. "Af, ɗan fari ne? Ku yi mini shiru, marasa ta ido." Ta zauna gaban Kaka ta fara lissafo mutanen Kurfi da ta sani a barikin. "Garba mai tsagen nan?" Kaka ta girgiza kai. "Sule dogo?" Ta girgiza. "Audu na Rawayau?" Kaka ta ce, "Wannan ai uwarsa ta rasu." Da mai tuwon ta ambaci wani sunan, Kaka ba ta girgiza ba, ba ta ɗaga ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya tana kallon zana. Mai tuwon ta ce, "A je a kira shi." Ni ma ba zan rubuta sunan a nan ba.

Da la'asar ya zo. Dogo ne, ƙasusuwan wuyansa a waje, ƙafafunsa sun tsage saboda tsayuwa cikin ruwa. Ya durƙusa nesa da tabarma ya gaida Kaka. Ta amsa wa zana. Ya yi tari mai tsawo, na ga yatsunta sun matse bakin tabarma, amma ba ta waiwaya ba. Can ta ce da mai tuwon, "Baiwar Allah, ki gaya wa mutanen nan damina ta kusa, gona ba mai nome ta. Motar gida gobe take tashi." Mai tuwon ta maimaita masa, ko da yake yana nan zaune ya ji. Ya tashi ya tafi bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Washegari muka je tasha. Kaka ta hau ta zauna ta fuskanci gaba. Ni ce nake ta leƙe. Direba har ya tayar da mota sai ga shi da tabarma da ɗan akwatin kwano, ya hau can baya cikin maza. Na ce, "Kaka, ya zo!" Ta ce, "Wa ya tambaye ki?"

Muna gangarowa daga tudun, sanyin safe yana kaɗawa, tarin ya sake kama shi. Kaka ta cire gwadon da ta lulluɓa da shi ta miƙo mini. "Miƙa wa mutumin can, ya dame ni da tari." Gwadon ya bi hannu zuwa hannu har bayan mota. Ita kuwa ta zauna tana rawar ɗari har Saminaka.

Mun iso Kurfi lafiya, kuma da na ga duwatsun Dutsin-Ma a hanya sai suka yi mini ƙanana. Tafiyar ta koya mini ƙasa ba iri ɗaya ba ce, kuma kafin a fita neman mutum a fara tambayar sunansa. Maganar sanyi da duwatsu zan kai wa malaminmu idan an koma. Ta Kaka ce ban san wa zan kai wa ba. Kawu yana kwance a zaure yana samun sauƙi. Kullum da safe ita take dama masa kunu da hannunta, ta ba ni ta ce, "Kai wa baƙon nan."