Baƙon da wai a motar Baba aka haife shi

Jama'a, yau na ga ƙarya tsirara!

Kun san tsohuwar motar Baba ƙirar Japan, wadda ya sayo a shekarun fari na saba'in, lokacin da direbobin Magarya ke ce mata gwangwani. Nasu duk sun mutu, ita har gobe tana tashi.

Da hantsi sai ga wani baƙo da babbar riga. Na kai mashi ruwa. Ya shafa motar, har da ƙwalla! Wai a bayanta aka haife shi, a hanyar Guci, ana kai uwarshi likita.

Ya ce, "Baba, ka sayar mani, in riƙa tunawa da mahaifiyata."

Amma ni na lura, ko leƙa bayan bai yi ba. Kapo ya buɗe, murfin gaban motar, yana ta ƙare wa moter, wato injin, kallo.

Baba ya ce, "Wa ya ba ka labarin?"

"Ita da bakinta."

Baba ya rufe kapo, garam! "Malam, haihuwa ɗaya aka taɓa yi a motar nan, kuma mace ce. Ga ta nan, ruwanta kake sha."

Wallahi sai da ya ƙware!