Amon da Bello bai tsaya ya ji ba

Shekara biyar ke nan da rasuwar ƙanena Bello, malamin kimiyyar sararin sama, Allah Ya jiƙan shi. Abin da na sani game da aikinsa, daga ƙarar taɓarya ya fara.

Ya zo hutu gidana a Bodinga, ina daka da la'asar, maƙwabta ma suna yi. Ya ce in dakata.

"Yaya, saurara. Turmi nawa kike ji?"

Na ce, "Mi ya dame ni da turamen mutane? Tuwo nike nema."

Ya yi dariya, ya ce aikinsa ke nan. Wai sararin sama yana da wani amo mai rauni da kunne ba ya ji, sai an daɗe ana lura da wasu taurari masu bugawa kamar agogo. Wasu masana na ganin manyan baƙaƙen ramukan sama ne, masu haɗiye ko da haske, birjik ke kewaya juna, amonsu ya haɗu kamar dakan gari guda. Wasu na ganin saura ne daga farkon halitta. Shi kuwa yana auna kowane zato da lissafi, ya ga wanne ya fi dacewa da abin da aka gani. Na ce Allah ne masani. Ya ce, "Ƙwarai, shi ya sa nike tambaya da ladabi."

Zazzaɓi ya ɗauke shi a gidanmu na Shagari. Bayan addu'ar bakwai aka fitar da kayansa sadaka, yadda aka saba. Riguna suka tafi garin Lambara. Kwamfutarsa, Kawunmu ya miƙa wa wani ɗalibi maraya, da zuciya ɗaya, don ladan ya isa kabari. Mai gyaran da ɗalibin ya kai wa ya goge ta tas kafin abokin aikin Bello ya bugo waya yana neman abin da ke ciki. Wa zan yi wa fushi? Kawu kuka ya yi.

Daga baya abokin nan ya sanar da ni an fara samun alamar amon, amma har yau ba a yanke ko daga ina yake ba. Da Bello na nan, na san ba zai yi gaggawa ba. Zai ce a ƙara saurare. Sai dai wane zato lissafinsa ya fi karkata, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Abin da ya rage mini shi ne ɗiyarsa Hauwa'u, da nake riƙo, mai irin tambayoyinsa. Na ba ta labarin nan iya fahimtata, ina tsefe mata kai. Ta juyo.

"Gwaggo, to in an gano amsar, wa za ya je ya gaya ma Baba?"