Malama Baiwa Mai Gwajin Yaran Bakin Rima

Da an idar da sallar asuba a Gwadangaji, Malama Baiwa za ta sa madubin likita da akwatin sanyi a mota, ta kama hanyar Argungu. Shekararta talatin da biyu tana aikin gwaje-gwaje, watan gobe za ta yi ritaya.

An daɗe ana raba wa ƙauyukan bakin Rima maganin tundurmi, ciwon da sauro ke kawowa mai kumbura ƙafa. Da lokacin gwada jinin 'yan firamare ya yi, don a ga ko za a daina rabon, sai ta miƙe a taron ma'aikatan lafiya. Ta ce ƙwayar maganin nan tana kashe tsutsar ciki ma. In an daina, wa zai san halin da cikin yara yake ciki? Ta nemi a haɗa gwajin biyu a zuwa ɗaya: ɗigon jini daga yatsa, ɗan bahaya a roba. Aka ce wa zai zauna da wannan warin? Ta ce ita.

A wata makaranta, Malam Hammadu manomin albasa ya tare ƙofar aji.

"Mi za ki yi da jinin ɗiyata?"

Ta ba shi benci, ta fara soka nata yatsan a gabansa. Sai ya ce, "Malama, ubana shekara ashirin bai sa takalmi ba saboda tundurmi. Tsoro nika ji ki ce Rauda ma ta ɗauka."

Ya bari ta ɗiga jinin yarinyar a ɗan katin gwaji. Minti goma suka zauna suna kallon katin.

"Malam, Rauda ba ta da shi."

Ya cire hula ya rufe fuska, yana ta hamdala.

Tsutsa kuwa an same ta a cikin yarinyar da wasu da dama. Saboda wannan sakamakon, da aka tsayar da rabon maganin tundurmi a yankin, na tsutsa ya ci gaba a hannun malaman makaranta.

Ke ce kika zauna da abin da kowa ke toshe hanci a kansa, ba ki taɓa ɓata fuska a gaban yaro ba. Mun gode, Baiwa, uwar yaran fadama. Allah Ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku masu shigowa aikin, ku je Gwadangaji ku zauna da ita tun ba ta miƙa makullin ɗakin gwaji ba.