Kazar da Ta Riga Ƙanena Takawa

Ƙanena ba ya jin magana, wannan kowa a unguwarmu ya sani. Tun da ya samo takalmin taya a gwanjo, filin simintin bayan tashar mota ya zama gidansa. Ba irin masu kama bayan mota ba ne. Shi nasa juyi ne: ya yi tsalle, ya wulwula a sama, ya dira da ƙafa ɗaya hannuwa a buɗe. Ni dai in na gani sai in kau da kai.

Saura 'yan makonni a tafi Abuja zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa, ƙafar da yake dira da ita ta karye a idon sawu. Na ce asibiti, Inna ta ce maɗori. Aka ɗauko wani tsoho daga Nasko a kan babur. Ya ja ƙafar, ya ɗaure da karare, sannan ya ce a kawo kaza. A gabanmu ya karya mata ƙafa, ƙas! Ita ma ya ɗaure ta.

"Ranar da ta taka, shi ma ya taka," in ji tsohon.

Daga ranar kazar nan ta zama 'yar gata. Gyaɗa, dawa, har kifin miyarsa ƙanena yake tsame mata. Yana kwance a tabarma, idonsa na kanta. Ni kuwa ƙafarsa nake kallo. Kumburin bai saɓe ba, fatar ta yi baƙi tana sheƙi, da wani wari-wari da turaren Inna ya kasa rufewa. Wallahi tsoro nake ji.

Wata safiya shegiyar kazar ta miƙe, ta ɗingisa har bakin rijiya. Inna ta rangaɗa guɗa.

"Haba Inna!" na ce. "Kaza ce za ta wulwula a sama ta dira da ƙafa ɗaya?"

"Ke, ki daina yi wa yaro mugun baki."

Shi ko ƙanena sai ya jawo takalmin tayarsa. Ya san masu zaɓen ba sa ɗaukar mai ɗauri, da sun gani za su ce ya koma gida sai wata shekara. Ya kwance kararen da kansa, ya cusa ƙafar cikin takalmin, ya ja igiyar har gumi ya keto masa. Ranar tafiya Abuja a ƙafarsa ya tafi da shi, wai in ya cire ba zai sake shiga ba. Na bi shi tasha ina masifa. Ya leƙo ta tagar mota yana murmushin ƙarfin hali.

"Yaya, ke dai ki yi min addu'a."

Kwana biyu ban iya cin abin kirki ba. Ranar zaɓen da la'asar wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne, ina jin ihu da tafi a bayansa.

"An ɗauke ni, Yaya! Na dira, ko gezau ban yi ba. Ko zafi ban ji ba."

Inna ta fita tsakar gida tana kiran maƙwabta. Ni na zauna a bakin gado.

"Ko kaɗan?" na ce.

Na ji ya matsa inda babu hayaniya.

"Kar ki gaya wa Inna. Takalmin ya ƙi fita. Tun jiya ba na jin yatsuna."