Ranar da Suka Kashe wa Abokina Lasifika

Shekarun baya, lokacin ina kabu-kabu tsakanin Kaura da Zurmi, ina da aboki mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Kaura. Tare muka yi firamare. Gyaran na neman tuwo ne kawai, abin da ke ransa kiɗa ne, amma ba irin na biki ba. Akwai 'yar na'urar ɗaukar murya da ba ta barin aljihunsa. Ya ɗauki luguden mata, ya ɗauki kukan injin niƙa, sai ya zauna ya haɗa su da gurmin da ya ƙera da hannunsa. Yana kuma rubutu a wata jaridar Hausa kan makaɗan da aka manta da su. Ni nawa in kai shi in dawo da shi. Sau nawa na tsaya cikin rana yana ɗaukar ƙarar guga a rijiya, ina ce wa raina wanga mutum sai an yi mai rukiyya.

A Birnin Tsaba ya gano wani tsohon makaɗin noma da idanunsa suka tafi. Tun da zuwa gona mai nisa ya zama kasada, gayya ta mutu, gangarsa na rataye a bango. Damina biyu abokina yana zuwa wurinsa, har ya haɗa wani aiki na minti goma sha biyar: iska, ƙarar garma na shiga ƙasa, numfashin manoma, sannan muryar tsohon ta taso a hankali.

Da wani kwamiti ya shirya taron raya al'adu a Kaura, abokina ya yi ta zarya har suka ba shi fili. Ni na ɗauko tsohon a babur. Ya sa rigarsa ta sallah, duk hanya yana riƙe da kafaɗata yana tambaya, "Ɗana, da gaske mutane za su ji ni?"

Aka kunna. Minti biyu ba a ji ganga ba, sai iska da garma. Muryar tsohon na dab da shigowa mai gabatar da taro ya ɗaga hannu aka kashe lasifika.

"Jama'a ku yi haƙuri," in ji shi, "mun zaci inji ne ya lalace, ashe kiɗan ke nan! Malam, kai gyaran rediyo kake ko ɓata shi?"

Wuri ya ɗauki dariya, har da manyan da ke kujerun gaba. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yi yaƙe, don kada na kusa da ni su gane tare muke. Abokina ya naɗe wayoyinsa.

Tsohon ya taɓo ni. "Sun ƙare? Ban ji kaina ba."

Na ce, "Baba, wuta anka ɗauke."

Ga fanka na ta juyawa a kansa. Sai ya ce, "Ido ne ba ni da, ɗana, ba kunne ba. Mai da ni gida."

Bai ga damina ta gaba ba.

Abokina ya daina kunna wa kowa aikinsa, amma ya rubuta tarihin tsohon a jarida. Wani malamin jami'a ya karanta, ya nemi sautin, daga nan aka saka shi a wani gidan rediyon ƙasar waje da mutanenmu ke saurare. Sati bai cika ba sai ga motar shugaban kwamitin nan a bakin rumfar abokina. Ina wurin ina jiran fasinja.

"Ɗanmu, abin alfaharinmu!" in ji shi. "Muna da baƙi daga Abuja, za ka zo ka saka musu abin nan. Ai mu munka fara ba ka fili."

Ban san lokacin da na sauko daga babur ba. Na ce, "Alhaji, wane fili? Na minti biyu? Kana zaune kana dariya har hularka na faɗuwa! Mutumin da ke cikin sautin nan ya zo da rigar sallarsa, kunka kore shi da dariya. Yanzu da anka yaba a waje kun san ɗanku ne?"

'Yan kasuwa suka taru. Abokina ya riƙe mini hannu, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri da shi. Amma ba ni zuwa. Akwai waɗanda sunka riga ku."

Ranar Juma'a muka ɗaure lasifika a babur muka nufi Birnin Tsaba. A ƙofar gidan marigayin aka shimfiɗa tabarmi, mata na saurare daga cikin zaure. Babu wanda ya yi tari har sautin ya ƙare. Wani dattijo ya share ido ya ce garmar nan ta gonar fadama ce, ya gane ta da jin laushin ƙasar. Suka ce a sake. Sau uku muka saka.

Kwamiti kuwa sun yi taronsu, kuma an ce mini sun ambaci abokina cikin nasarorinsu.

Yanzu yana Zariya, yana kiɗansa yana rubutunsa, har ɗalibai gare shi. Abin da na koya ba mai daɗi ba ne: mu ba mu ganin namu sai baƙo ya nuna mana da yatsa, kuma na san haka ne don ina cikin masu laifin. Kwanaki na sake tayar da maganar a waya, ya yi dariya ya ce, "Kai har yanzu kana ɗauke da su? Ni na daɗe da saukewa."

Na ce to, Allah ya ba shi ladan haƙuri. Ni dai ina ƙoƙari, amma ban kai can ba tukuna.